Gudun da Ba Wanda Ya Koro Ni

A Kaduna na kamu da wasan nan, tirayatlon. Ka yi iyo, ka fito ka hau keke, ka sauka ka zuba gudu, duk a jere ba hutu. Gasa ta matso, sai ga Sallah, na tafi ƙauyenmu can bayan Ƙanƙara. Na ce ko a gida atisaye ba fashi.

Da safe na yi iyo a dam ɗin da ake shayar da shanu, na ari keken ƙanen Baba na bi gonaki har bakin daji, na dawo na jingine shi, na shigo gari a guje. Ban tuna ba, tun da 'yan bindiga suka addabi yankin ba mai gudu a garin nan sai an koro shi. Wata mata ta hango ni ta yar da tulu. Kafin in kai masallaci an fara kwashe yara ana rufe ƙofofi.

Bayan azahar aka kira ni zauren mai gari. Baba na gefe, kansa a ƙasa.

"Mi ya koro ka?" in ji mai gari.

"Ranka ya daɗe, ba komai. Motsa jiki ne."

"Ga gonar ubanka na neman noma, kai kana neman gajiya a bakin daji?"

Aka ɗan yi dariya. Shugaban 'yan sa-kai bai yi ba, agogona yake kallo. Ya ce mi agogon nan yake yi. Ni kuma da rawar kai na buɗe waya na nuna masa, ga zanen da agogon ya ɗauka na duk inda na bi, har burtalin shanu.

"Wa kake tura ma wannan?"

"Abokan wasa ne."

"'Ya'yan wa?"

Rabinsu ban taɓa ganin fuskarsu ba. Kuma na san abin da ake yi wa infoma a nan.

Baba ya ɗago kai. "Ɗana ne. In ya ci amana, ni za ku kama."

A kan wannan aka sallame ni. Na goge komai a gabansu. Amma har na bar garin, da na iso majalisa sai hira ta koma kan tsadar taki. Baba kuwa, har yau ba a sake kiran sa taron tsaron gari ba.