Tozo Ɗaya Ya Rage a Adjamé

Duk ɗan dakon da ke aiki a tashar jiragen ruwa ta Treichville ya san Lailatu mai bulet, dunƙulen niƙaƙƙen naman nan da ake soyawa a cusa cikin burodi. A unguwar aka haife ta, babanta mutumin Birnin Ƙonni ne mai fataucin shanu. Da tire a ka ta fara, yau ga ta da rumfa da benci har da surukai. An ce in ka gatsa bulet ɗinta romo har gwiwar hannu yake gangarowa. Wani ma ya rantse sai da ya koma gida ya sake riga.

Ba asiri ba ne, kitse ne. Kashi huɗu tsoka, kashi ɗaya kitse, kuma na tozo kawai. Kitsen ƙoda, in ji ta, da zafi yake da mutunci, yana hucewa zai daskare maka a baki kamar ka ci kyandir.

Aibinta ɗaya, tsoron bakin mutane. Matar da ko sabon takalmi ta saya sai ta ce aro ne. Cikin ɗanta na fari kuwa, har ranar haihuwa tana cewa wake ta ci.

To sai ga Hajiya Ummul-Khairi, babbar mai atamfa a kasuwar Treichville, ta ba ta aikin bikin 'yarta, kilo talatin. Hajiyar nan in ta yaba girkinki, bukukuwan unguwa sun zama naki. In ta kushe kuwa, ki haɗa kaskonki ki koma ƙauye, don ko kyauta ba mai karɓa. Lailatu ta haɗiye maganar, ko Mika'ilu mahaucinta na kasuwar Adjamé ba ta gaya wa ba.

Ranar bikin da sassafe ta dira gaban teburinsa da kuloli, ta raɗa masa: "Yaya Mika'ilu, kilo talatin. Shida tozo."

Ya ajiye wuƙa. "Talatin? Ke da kika zo jiya, bakinki ciwo yake yi? Yau Lahadi, masu gasa naman shukuya sun kwashe tozo tun asuba."

"Wancan da ke rataye fa?"

"Na Lukumanu ne, yana hanya. Zaga layin in ba ki yarda ba."

Ta zaga. Babu. Ta dawo gumi har cikin takalmi.

"Ga kitsen ƙoda fari tas," in ji Mika'ilu. "In ya shiga inji wa zai gane?"

"Harshen Hajiya..." Ta kama bakinta. "Harshen mutane zai gane."

"To a niƙa miki tsoka zalla, ki soya musu duwatsu."

Abincin biki ba ya shiga baki da zafi, sai an gama hotuna da kirari da rigimar dangin ango. Abin da ya shiga inji kuma ya shiga, ba mai tsince kitse daga niƙaƙƙen nama. Ga rana tana ɗagawa, ga gadar komawa Treichville tana jiranta da cunkoso.

Sai ga Lukumanu mai gashin shukuya da buhunsa, ya sa hannu ya sauke tozon.

"Ƙanena, bar mini wannan."

"Haba Tanti, ke da kilo ɗaya ke isarki? Me za ki yi da tozo guda?"

"Baƙi na yi."

"Baƙi? Sojoji ne?" Ya jefa shi a buhu. "Faɗi gaskiya in duba."

Ta waiga dama, ta waiga hagu, ta motsa leɓe. Injin niƙa na ta ruri a gefe.

"Ban ji ba, Tanti." Ya saɓa buhu ya juya.

Nan fa Lailatu, wadda ko sunan miyar gidanta ba ta faɗa, ta buɗe maƙogwaro: "Bikin 'yar Hajiya Ummul-Khairi aka ba ni!" An ce har direbobin tashar motar Adjamé sun ji. Mahauta suka dakata da sara, masu tura kura suka tsaya, wata mai tumatir ta ce, "Iye! Lailatu an shigo gari."

Lukumanu ya sauke buhun a hankali. "Hajiyar da ta ce namana kamar silifa, a gaban mutane? Ɗauki, Tanti. Ba don ita ba, don kada ta yi miki abin da ta yi mini. Ni da zafi ake cin nawa, zan yi maneji da na ƙoda."

Aka ɗora a sikeli, kilo biyar. Mika'ilu ya ɗauko kitsen ƙoda zai cika, ta make masa hannu.

"Ko ƙwaya. Ƙara tsoka, zan cika da albasa."

Tunda take, ba ta taɓa sauka daga ma'auninta ba sai ranar. Ta tsaya a kan mai inji tana jefa tsoka da tozo bi da bi da hannunta, tana salati kamar mai rakiyar gawa.

Ta gama suya da azahar. Ba a buɗe kula ba sai bayan la'asar, bulet ya huce sarai. Hajiya ta taso da gwala-gwalanta, ta ɗauki ɗaya, ta matsa da yatsa, ta shinshina, ta kai baki. Tana taunawa, Lailatu na jin kamar ita ake taunawa.

"Albasa ta yi yawa," in ji Hajiya.

Lailatu ta fara tunanin haɗa kaskonta.

Hajiya ta ɗauki na biyu, ta ɗauki na uku, sannan ta yafito ƙanwarta da maiƙo a yatsu: "Rahama, kai babbar kular nan ɗakina ki kulle, ki kawo mini makullin. Dangin ango su ci shinkafa."