Shuɗin Raket ɗin da Na Mayar Tudu

Raket ɗina na wasan tanis ya tsage ana saura 'yan makonni a fara gasar da na daɗe ina jira. Na ɗaga hannu zan buga sabis, bugun fara wasa, sai na ji ƙara kamar an taka busasshen kara, ƙwallon ya yi gefe. Da na duba, wuyansa ne ya dare. Na zauna a bakin fili na ɗora shi a cinya ina kallo, abokina ya tsallako raga ya zo ya tsuguna kusa da ni.

"Kada ka damu, cale," ya ce, kamar yadda samarin garinmu ke kiran aboki. "Gobe mu je kasuwar Tudu mu nemo wani."

A unguwar Nima aka haife ni, shi kuma gidansu yana Maamobi, titi ne kawai tsakaninmu. Tanis ba wasan unguwarmu ba ne, ƙwallon ƙafa da dambe aka sani. Tun muna yara muka fara zuwa wani kulob na masu hali muna tsintar musu ƙwallo, a nan muka koyi wasan, muka girma a cikinsa. A lokacin da nake ba da labari mun zama samari. Ni ina gyaran waya a shagon kawuna da safe, shi yana taya mahaifiyarsa sayar da wake da shinkafa a bakin titi, da yamma mu haɗu a fili. A wasan bibbiyu tare muke tsayawa. In kuwa ɗaya da ɗaya ne, yawanci ni ke cinye shi, ban kuma taɓa tunanin abin yana zama masa a rai ba, don shi ke fara dariya in an tashi.

Gasar tana da muhimmanci a gare mu, domin an ce mutum biyun da suka kai wasan ƙarshe za a tafi da su Abijan. Ina kuma da wani abu da nake ɓoyewa. Gwiwar hannuna ta dama ta jima tana yi mini ciwo. Ban gaya wa kocinmu ba, kada ya cire sunana. Abokina kaɗai ya sani. Shi ke shafa mini man zafi a bayan ɗakin canza kaya, ya ɗaure mini da bandeji, ya ja hannun rigata ya rufe.

A Tudu akwai wani dattijo ɗan Nijar mai sayar da kayan wasa na gwanjo a wani ƙaramin shago bayan tashar mota. Ya san mu, ya kuma san ba mu da halin sabo. Ya zube mana raket a kan benci, na yi ta ɗagawa ina ajiyewa, wani mariƙinsa ya yi mini kauri, wani ya karkace. Can sai ya ce, "Tsaya, akwai wani," ya janyo wani shuɗi daga ƙarƙashin tebur. Ina riƙe shi na ji ya zauna a hannuna. Ba shi da nauyi sosai, yana ɗan lanƙwashewa in ka danna, akwai wani ɗan ƙarce a bakinsa na sama. Abokina ya zaro wani baƙi, mai nauyi da tauri, ya ce mu haɗa mu gwada duka biyun. Dattijon ya yarda mu tafi da su fili mu dawo da wanda ba mu so.

Da shuɗin na fara. Ban san yadda zan kwatanta wa wanda ba ya wasa ba, amma ƙwallon yana taɓa shi sai ka ji kamar ya ɗan tsaya ya jira ka gaya masa inda zai je. Na yi ta bugu, gwiwata ko motsi. Na tsaya ina murmushi.

Abokina ya girgiza kai daga ɗaya ɓangaren. "Wannan na tsofaffi ne. Ƙwallonka ba ya da nauyi ko kaɗan. Ina nan tsaye ina karɓa kamar kana miƙo mini burodi."

Na ɗauki baƙin. Bugun farko ƙwallon ya wuce shi kamar harsashi, amma na ji girgizar ta bi ta wuyan hannuna ta tsaya a gwiwa.

"Yauwa!" ya ce. "Ga naka nan. Wa zai tare wannan?"

"Gwiwar fa?"

"Za ta saba. A ɗan sassauta zaren raket ɗin, shi ke nan."

Na yarda da shi, kuma akwai dalili. Ɗan wasa ba ya taɓa karɓar ƙwallon kansa. Ba ka san nauyin bugunka ba sai wanda ke tsaye a tsallaken raga ya gaya maka, kuma babu wanda ya karɓi ƙwallona a duniya kamar shi. Ya ce zai bi ta Tudu ya yi wa mahaifiyarsa sayayya, in kawo shuɗin ya mayar mini. Na miƙa masa, har da godiya.

Gwiwar ba ta saba ba. Kullum sai ta ƙaru, har ta kai in na ɗaga buta zan yi alwala sai na canza hannu. Na gaya masa, ya ce in daure, haka sabon raket yake. A waɗannan makonni ya rage zuwa filinmu, yana cewa aiki ya yi wa Mma, mahaifiyarsa, yawa. Daga baya na ji ashe unguwar Madina yake tafiya, wani fili da ba mu saba zuwa ba, yana atisaye a can.

Aka fara gasa. Na ci wasannina na farko da ƙyar, da ƙarfin sabis kawai, shi ma ya ci nasa da tsohon raket ɗinsa. Sai ga mu mun haɗu a wasan kusa da na ƙarshe. Muka shiga fili tare, muka ajiye jakunkuna a benci ɗaya kamar yadda muka saba. Ya zuge tasa ya zaro shuɗin raket. Ya naɗe mariƙin da sabon farin ƙyalle, amma ƙarcen nan yana bakinsa na sama.

Na tsaya ina kallon hannunsa. Shi kuma ya duƙa yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

Da raket ɗin ne kawai, ina jin da na iya haɗiyewa. Abin da ya faru a cikin wasan ne ya fi ci mini rai. Akwai bugun da ake yi ta bayan hannu in ƙwallo ya zo ta hagu, shi ne ya fi taɓa gwiwar, musamman in ƙwallon ya tashi sama. Mutum ɗaya ne a filin nan ya san haka. Tun daga ƙwallon farko can ya riƙa aiko mini, sama-sama, ta hagu, ya sake, ya sake. Ko da gefen damana a buɗe yake, ba ya kallonsa. Na ci gaba da bugu ina cije leɓe. A zagaye na biyu yatsuna suka fara sakin mariƙin da kansu, sau ɗaya raket ɗin ya kuɓuce ya faɗi ƙasa. Kocinmu ya leƙo yana tambaya da ido ko zan tsaya. Ban tsaya ba, na bari ya gama da ni. A bakin raga ya miƙo hannu yana kallon ƙasa, na taɓa na wuce.

Bayan kwana biyu na je Tudu, don har lokacin zuciyata tana nema masa uzuri. Na ce wataƙila a hanya ya gwada ya ji ya yi masa. Dattijon ya gan ni da hannu a ɗaure, ya matsa mini a benci.

"Baba, shuɗin nan da muka ɗauka, yaushe abokina ya ce yana so?"

"Ai tun kafin ku zo tare. Ranar da na kwance dila ya zo ya gan shi, ya ce in ajiye masa. Tsufa ne, na manta na fito da shi a gabanka. Yana ta ƙifta mini ido, ni kuma na ɗauka ku biyun abu ɗaya ne."

Daga nan Maamobi na wuce. Na same shi a lungun bayan rumfar mahaifiyarsa yana wanke manyan tukwane. Na ce masa, "Da ka ce kana so, wallahi da na bar maka."

Bai ɗago ba. "Na sani. Da ka bar mini, ka nemi wani mai laushi, ka sake cinye ni."

"Shi ya sa ka zaɓar mini wanda zai kashe mini hannu?"

"Tun muna tsintar ƙwallo kai ake gani," ya ce. "Ni abokin wane ne kawai. Koci bai taɓa tambayata ina so in je ko'ina ba."

Ya ci gaba da dirzar gindin tukunya da soson ƙarfe. Ina juyawa Mma ta hango ni ta kira, "Ɗana, zo ka ci abinci, ka rame!" Ta zuba mini a ganye, har da ƙwai da taliya, ta tsaya a kaina. Na zauna na ci, ban ji ɗanɗanon komai ba. Ba ta san abin da ya faru ba, ni ma ban gaya mata ba.

Ranar tafiyarsu Abijan ita ta aiko a kira ni, ta ce ba zai yiwu a raka shi tasha babu ni ba. Na je. 'Yan lungunsu sun cika motar haya ta trotro guda, ana ta addu'a da tsokana. Da zai shiga mota ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Ka yafe mini."

Na ce, "Allah ya kai ku lafiya."

Likita ya hana ni wasa na wata da watanni, lokacin da na dawo an riga an yi gaba da wasu. Shi ya yi abin kirki a Abijan, yanzu yana koyar da wasan a wata makaranta, mutane suna yabonsa, kuma ba ƙarya suke yi ba, ya iya. Muna haɗuwa a masallacin Juma'a da wajen jana'iza, mu gaisa, in tambayi Mma, ya tambayi kawuna. Sau ɗaya ya aiko wani ya tambaye ni ko zan tsaya da shi a wasan bibbiyu na wata gasa, na ce a gaya masa aiki ya yi mini yawa a shago.