Kawu Sale Mai Auna Zufa

Duk wanda ya buga ƙwallo a filin firamare na Kontagora, a shekarun da muke ƙarƙashin Sakkwato, ya san abin da Kawu Sale ke yi in an tashi wasa. Ba ya tambayar wa ya ci. Zai tsaya bakin fili da bahonsa, kowa ya tuɓe riga ya miƙa masa, shi kuma ya ɗora ta a tafin hannu kamar mai tayin kaza, ya jinjina nauyinta, ya kai hanci. In ta jiƙe sharkaf sai ya ce, "Wannan ya yi aiki," ya jefa a baho. In a bushe take sai ya mayar wa mai ita. "Me zan wanke a nan? Kai kallo ka zo."

Ƙanen mahaifiyata ne, wanki da guga ne sana'arsa, kuma ba wanda ya naɗa shi mai wankin ƙungiyarmu, shi ya naɗa kansa. Ni ne Audu, lamba tara, wanda kuke kira Bahago. Yau gwiwa ta hana ni ko tsuguno, amma a lokacin in ƙwallo ta zo ƙafata ta hagu sai dai gola ya kama addu'a. Gudu ne dai ba na yi. Me zai kai ni? Ina tsaye a gaba, a kawo min, in yanke mutum biyu, in zuba a raga. Shekara huɗu ina haka, shekara huɗu Inna ke wanke min riga a gida. Gari duka na yi min tafi, ni kuwa ba abin da nake nema irin in ji bakin tsohon nan ya ce na yi aiki.

Kun tuna ranar da 'yan Ibeto suka zo a bayan motar gyaɗa? Uku na ci. Aka tashi uku da ɗaya, ɗayan ma Tanko ne, mai tsaron bayanmu, ya zuba a gidanmu da ƙafarsa. Tanko manomi ne daga Sahon Rami, ƙirji kamar ƙyauren zaure. In ya buga ƙwallo bai san inda za ta ba, ita ma ba ta sani ba. Kawu ya ɗaga rigarsa tana ɗiga, ya juyo ga jama'a.

"Ga ɗan ƙwallo!"

Na ce, "Haba Kawu, gidanmu fa ya ci!"

"Daga ina ya taso?"

"Daga tsakiyar fili."

"To! Bawan Allah ya sheƙo tun daga tsakiyar fili. Kai da ka ci uku, taku nawa ka yi?"

Malam Isa tela, wanda ba ya fashin kallonmu, ya kasa haƙuri. Ya ce, "Sale, ka ji tsoron Allah. Abin yaron nan baiwa ce, Allah ne ya ba shi."

Kawu ya ce, "Ƙafar dama fa, wa ya ba shi? Ajiya ya karɓa?"

Kai, na sha wuya a hannun mutumin nan! Da abin ya ishe ni, wani sati a hutun rabin lokaci na zagaya bayan aji na tsoma rigata a bokitin ruwan sha, na mayar jikina. Aka tashi, na miƙa masa ina haki na ƙarya. Ya jinjina, ya gyaɗa kai, har ya yi murmushi. Wallahi har na fara murna. Sai na ga ya kai bakin rigar kan harshe. Ya tofar.

"Ba gishiri. Wannan ruwan rijiyar hedimasta ne. Je ka shanya."

Har na yi aure yaran unguwa na kirana Ba Gishiri.

To, sai labari ya zo cewa wani malami zai zo daga lardi ya kalli wasanmu, ya zaɓi mutum ɗaya da za a kai Sakkwato. Kowa ya san ni ne. Inna har ta fara soya min ƙuli-ƙulin guzuri. Ranar da safe Kawu ya same ni a zaure, ya zauna, abin da bai taɓa yi ba.

Ya ce, "Baƙon nan bai san ka ba. In ya gan ka tsaye kamar turke, wani zai ɗauka. Yau ɗaya dai, ka yi gudu."

Na yi gudu, jama'a. Na koma baya na taya Tanko tsaro, na bi ƙwallo har kwana, na bi wadda ta riga ta fita waje. Mutane suna ta ihu, "Bahago, koma gaba!" Ban ji ba, idona na kan mai baho. Saura kaɗan a tashi, ba wanda ya ci wani, sai Tanko ya daki ƙwallo da nufin fitar da ita, ta faɗo daidai ƙafata ta hagu. Daga ni sai gola. Irin wadda nake ci ko ido a rufe. Na ɗaga ƙafa na ji kamar ta aro ce. Na tokari ƙasa, ƙwallo ta gangara a hankali, gola ya sunkuya ya ɗauka kamar an aiko masa da saƙo.

Malamin lardi ya rufe littafinsa, ya dubi Malam Isa a gabana ya ce, "An ce min akwai wani bahago a garin nan. Yau bai zo ba ne?"

Wani yaro daga ɗaya ƙungiyar aka kai.

Kawu ya karɓi rigata tana zuba. Bai jinjina ba, bai kai hanci ba, ya jefa a baho. Washegari da hantsi sai ga shi a ƙofar gida, ya wanke ta, ya goge, ya ninke. Ya tsaya yana kallon ƙasa.

"Audu, jiya ka yi aiki. Ni kuma na yi ɓarna."

Mutumin da bai taɓa janye magana ba ko a gaban alƙali! Na karɓi rigar na shige gida, ban tanka masa ba. Shekarata ashirin, ga zuciya. Bai sake taka filin nan ba. Ni ma ban jima ba na bar ƙwallo, na kama dako a tasha, inda na yi zufar da ko Kawu ba zai raina ba. Kullum ina cewa gobe zan je in ce masa ya wuce, har aka aiko cewa ya rasu.

Na gaji yanzu, ba na ma iya zama kallon wasa har a tashi. Amma in na ji matasa na gardamar wane gwani ne, wane mai ƙoƙari ne, sai in rasa bakin da zan sa, don duka biyun na gwada.

Kawu, na yafe tun ranar, bakina ne ya yi nauyi. Allah ya jiƙanka, ya sanyaya makwancinka, ya karɓi wahalar da ka sha a duniya a matsayin aiki. Amin.