Ruwan da Yaya Ta Goge

Yayata ta shekara goma sha ɗaya tana goge ƙasan ɗakin haihuwa na asibiti kafin Allah ya sa ita ma ta shiga ɗakin da nata cikin. Ni ce autar gidanmu, kitso nake yi, kuma kowa ya san bakina ba ya ajiye magana. Ita kuwa Yaya in ka ba ta ajiyar magana, har kai ka manta ka ba ta. Mahaifiyarmu takan ce da ta sani, da ta raba mana bakin daidai tun muna ciki.

Ƙarfe shida na safe take kama aiki. Tana da bokiti biyu, ja da shuɗi, da mofa, sandar nan mai tsumma a baki. Daga gindin taga take farawa, ta yo baya-baya har ƙofa don kada ta taka inda ta goge. Ƙa'idarta ɗaya ce, kuma ba wanda ya ɗora mata: duk abin da ya zuba a ƙasa, jini ne ko amai ko ruwa, ba ya minti biyu a wurin. A shekararta ta farko wata mai tsohon ciki ta zame a gabanta, tun daga nan in ta ga jiƙa a ƙasa, hannunta kan riga tunaninta kaiwa ga mofa. Shiru-shiru ma'aikatan asibitin suke kiranta, ita kuma ta amsa da murmushi.

Shirun nan ba duka ne na halitta ba. Mai goge ƙasa tana ganin abin da ba a ce ta gani ba. Daga bakin ƙofa Yaya kan ji nishin mace ta san ko ta kusa ko da saura. A shekararta ta biyu ta ce wa wata nas, cikin ladabi, kamar fa matar gado na uku ta kusa. Nas ɗin ta dube ta sama da ƙasa a gaban mutane, ta ce, “Yaushe kika yi karatun? Ki ji da mofarki.” Ba a yi minti goma ba matar ta haihu, amma Yaya ba ta ƙara sa baki a aikin kowa ba. Ranar da ta ba ni labarin sai da na yi kwana biyu ina jin haushi, ita ko tuni ta wuce wurin.

Mijinta gyaran keken ɗinki yake yi, mutum ne mai haƙuri irinta. Gidansu in ka shiga sai ka ɗauka sun yi tafiya. Shekara goma sha huɗu da aure, ɓari biyu, ba ɗa. Kullum ta wuni tana share bayan haihuwar wasu, ta dawo ɗakin da babu ko takalmin yaro a bakin ƙofa. Na taɓa tambayarta ko abin ba ya mata ciwo. Ta ce, “Yana yi mana, Auta. To in bar musu ƙasan da datti?” Tana da shekara talatin da takwas ciki na uku ya zo, ya kuma zauna. Ba ta fasa zuwa awo ko sau ɗaya ba, kayan haihuwa kuwa tun ciki na wata bakwai ta haɗa su a jaka, tana kwancewa tana sake ninkewa.

Naƙuda ta taso mata wata Talata da hantsi. Mijin ya tafi kai wa wani keke, don haka ni na ajiye kan da nake kitsawa rabi, na tare mota muka tafi. Mun tarar da baranda cike, mata uku a kan benci suna murƙususu, dangi sun tare hanya da kwanuka da tabarmi. Na tsayar da Yaya jikin bango kusa da ƙofar ɗakin haihuwa, na tafi yankar kati. Layin ya ci mini kusan minti ashirin, har na yi cacar baki da wani da ya so shiga gabana.

Da na dawo, abin da na gani ya sa na saki baki. Yaya ce duƙe da ƙaton cikinta, mofa a hannu, tana goge ƙasa baya-baya. Ta canza zani, ta ɗauko bokiti daga ɗan ɗakin ajiyarsu da ke ƙarshen baranda.

Na ce, “Yaya! Haihuwa kika zo ko aiki?”

Ta ce, “Faya ce ta fashe, ruwan ya zuba a ƙasa. Kada wata ta zame.”

“To ina abokiyar aikinki? Ba ita ke da yau ba?”

“Tana ɗakin yara. Ai kunya ce ta zo ta goge nawa.”

Dariya na yi, Allah ya yafe mini. Har na ce za ki haifi yaro da tsintsiya a hannu. Ba ta yi dariyar ba. Ta kai bokitin ta zubar, ta ɗauraye mofar tas, ta rataye ta a ƙusarta, sannan ta yarda muka shiga.

Wata sabuwar nas ce ta duba ta, yarinya mai fara'a, ita kaɗai tsakanin gadaje huɗu. Ta ce, “Lah, Shiru-shiru, yau ke ce a gadon namu? Faya ta fashe?” Yaya ta ce ta ɗan zubo. Ana cikin haka wata ta ƙwalla ihu daga bayan labule, nas ta waiwaya, ta ce da sauri, “Da saura sosai, kuma ba gado. Ki yi ta zagaye a baranda, zan kira ki.” Na ga Yaya ta buɗe baki, ta dubi bayan nas ɗin da ta riga ta juya, ta rufe.

Muka kama zagaye. Daga ƙofar ɗakin haihuwa zuwa famfo, daga famfo mu dawo. In ciwon ya taso sai ta dafa bango ta sunkuyar da kai, ko uhum ba ta cewa. Ni kuma ina ta zuba, wai in ɗauke mata hankali: labarin matar da na bari da rabin kitso, labarin mutumin layi. Can na lura hannunta na dama bai bar gefen cikinta ba, tana dannawa a hankali, tana jira, ta sake dannawa. Fuskarta ba ta mai jin ciwo kaɗai ba ce, tsoro ne a kwance a kai. A zagaye na ban san nawa ba ta tsaya a gaban famfo, ta riƙe mini hannu.

Ta ce, “Auta, ruwan nan ba fari ba ne.”

Na ce, “Wane ruwa?”

“Wanda na goge. Kore ne, da kauri, kamar an dafa ganye.”

Ban san ma'anarsa ba, na ce to sai me. Ta ce in jariri ya galabaita a ciki yakan yi kashi a cikin ruwan, in ya shaƙa kuma sai abin da Allah ya yi. Ta ce ta goge irinsa ya fi a ƙirga, kuma ta san matan da suka fita da zanin goyo ninke a jaka bayan ta goge shi. Sannan ta ce, da wata ƙaramar murya, motsin ma ya ragu.

Raina ya ɓaci yadda bai taɓa ɓaci da ita ba. Na ce, “Kin sani kika goge? Kin sani kika yi shiru muna ta yawo kamar masu cin kasuwa?”

Ta ce, “Ban san na ɗauko mofar ba sai da na gan ta a hannuna. Da na ga ƙasan ya yi fes, sai na ce ko idona ne.” Ta ƙara da cewa, “Kuma ni wa zan koya wa aikinsa? Su suka yi karatun.”

Na juya zan banka ƙofar in tara musu jama'a, don wannan kam sana'ata ce. Ta damƙe ni da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Ta ce in na shiga da ihu, ɗaukata za su yi 'yar rakiya mai rigima, irin waɗanda ake kora kullum, kuma ni ban ga ruwan ba. Na ce to zanin da ta cire fa? Ta ce ta ɗauraye shi a famfon ɗakin ajiya. Ta wanke duk wata shaida da hannunta, ba abin da ya rage sai bakinta, bakin da ta kulle shekara tara.

Na ce, “Yaya, shekara goma sha huɗu kike jiran yaron nan. Ba shi da wanda zai yi magana a madadinsa sai ke.”

Sai ta saki hannuna ta nufi ƙofar, tana tafiya a tale, ni ina binta. Babbar Sista, wadda ke riƙe da ɗakin tun kafin Yaya ta fara aiki, tana tsaye a teburi tana rubutu. Mace ce mai furfura da tabarau, ba ta da yawan dariya, ma'aikata ma shakkarta suke ji. Yaya ta tsaya nesa da teburin, inda ta saba tsayawa.

Ta ce, “Sista.” Muryar ba ta fita ba. Ta sake cewa, da ƙarfin da ya sa har masu naƙuda suka waiwayo, “Sista! Ruwana kore ne.”

Babbar Sista ta ɗago ta dube ta ta saman tabarau. “Ina ruwan?”

“Na goge.”

“Kin goge.” Ta ajiye biro. “Tsararo ko mai kauri?”

“Mai kauri, Sista. Yana kama tsumma.”

“Tun yaushe?”

“Ya kai minti arba'in. Kuma ba ya motsi kamar ɗazu.”

Ina jiran a ce yaushe ta yi karatun, har na tanadi amsa a bakina. Babbar Sista ba ta ce haka ba. Cewa ta yi, “In ke kika ce kore ne, kore ne. Hau nan.” Ta ɗaga wata da ta riga ta haihu zuwa kujera, ta kwantar da Yaya, ta ɗora na'urar sauraro a cikinta. Bugun zuciyar ya fito a hankali, yana ja da baya, har ni da ban san komai ba na ji ba daidai yake ba. Daga nan komai ya koma gudu. Aka kira likita, aka sa mata ƙarin ruwa, aka miƙo mini takarda in sa hannu tunda mijin bai iso ba, aka tura ta ɗakin tiyata. Tana wucewa a kan gadon turawa ta ce mini, “Ki kira shi.” Iyakar abin da ta ce ke nan.

Na zauna a benci ina ta tunanin abin da ban taɓa tunani ba. Shekara da shekaru ina yabon Yaya a gaban mutane, ina cewa ba ta da hayaniya, ba ta shiga abin da ba ruwanta. Duka gidanmu haka muke yabonta. Ashe muna taya ta ɗaure bakin ne, mu da nas ɗin nan ta shekarun baya. Mijinta ya iso da baƙin mai a hannu, ya zauna kusa da ni.

Bayan azahar Babbar Sista ta fito. Ta ce mace ce, ta fito ba ta yi kuka ba, sai da aka zuƙe mata hanci da maƙogwaro aka yi ta fama kafin ta ja numfashi. An kai ta ɗakin jarirai an sa mata iska. Ta ce uwar lafiya lau, jaririyar kuwa sai an ga kwana biyu zuwa uku. Na tambaye ta da an ƙara rabin awa fa? Ta dube ni, ta gyara tabarau, ta ce in je in kawo wa yayata ruwan zafi.

Kwana biyun nan Yaya ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ci abin kirki ba. Duk nas ɗin da ta shigo sai ta bi fuskarta da kallo, don ta san fuskar da suke shigowa da ita in labari ba daɗi. A rana ta uku da safe sabuwar nas ɗin nan ta shigo da keken marasa lafiya, idonta ya yi ja, ta ce an cire wa jaririya iska, tana numfashi da kanta, har ta fara neman nono. Ta durƙusa a gefen gadon ta ce, “Ki yi haƙuri, ban tsaya na tambaye ki da kyau ba.” Yaya ta ce, “Ke kaɗai ce a kan mata huɗu. Ni ce ban faɗa ba.”

Ni na tura ta har ɗakin jarirai. Yarinyar tana kwance a ɗan gadon gilashi, 'yar mitsitsiya, da filasta a bayan hannu, ƙirjinta na hawa yana sauka. Yaya ta miƙe daga keken tana dafe da ɗinkinta, ta tsaya a kanta, hannuwanta biyu a bayanta. Ta daɗe a haka. Nas ta ce, “Ɗauke ta mana.”

Yaya ta ce, “An yarda?”

Nas ta ce, “Taki ce fa.”

Ta ɗauke ta a hankali, ta kai bakinta saitin ɗan kunnen. Ina tsaye dab da su, shi ya sa na ji. Ta ce, “Ki yafe mini, 'yar nan. Kina can kina neman numfashi, uwarki ta tsaya goge ƙasa.”