Harsashin da Ya Ƙi Shiga

Ina 'yar shekara goma Iya, mahaifiyar Babanmu, ta zo mana Riyad ta yi sanyi guda tare da mu. A unguwar Nasim muke a lokacin, Baba yana tuƙin babbar mota a wani kamfani a Sulay. Hannunsa na dama yatsu uku ne, mu kuma an ce mana ƙofar mota ce ta datse sauran tun yana saurayi. Abu biyu ne ba a taɓawa a gidanmu, maganar yatsun nan da sunan kakanmu, mijin Iya. Da ya rasu Baba bai je gida ba, kuma ba kafilinsa, mai ɗaukar nauyin zamansa a ƙasar, ne ya hana shi ba.

Iya ta tsani na'urar ɗumama ɗaki. Ta ce wace irin wuta ce wannan, ba hayaƙi ba ƙamshi, sai bushe wa mutum hanci. Haka ta matsa har Baba ya sayo kasko da buhun gawayi. Da an idar da magariba sai mu hau saman bene, ni da ƙanwata Nabila, mu duƙunƙune cikin bargo, ita tana fifita wuta da murfin tukunya. Hausarmu a lokacin abin kunya ce. In na ce mata "yalla, ya jadda", wato "mu je, kaka" da Larabci, sai ta harare ni ta ce, "Ji Balarabiyar ƙarya. Ni Iya ce, ba jakar kowa ba." Duk abin da ya shige wa Nabila duhu ni nake juya mata da Larabci, rabi daidai rabi ƙari.

Saura mako guda ta koma, ranar nan Baba ya dawo da wuri, ya hawo mana da shayi. Ya ajiye zai juya, Iya ta ce, "Kai, zauna. Ta yau har da kai." Bai so ba, amma ya samu gefen tabarma ya zauna.

"To ga ta nan tafe," in ji Iya.

Muka ce, "Ta iso mu sha."

Babu Gizo a ciki, babu kura. Ta ce an yi wani maƙeri a wani ƙauye, yana ƙera wa mafarauta ƙananan bindigogi. Harsashi na wuyar samu a wajensu, don haka in sun harba sai su tsince kwanson su kawo masa ya sake cikawa. Shi kwanso in ya sha harbi yakan kumbura. Saboda haka maƙerin nan ya yanke guntun bakin wata tsohuwar bindiga ya ajiye na gwaji. Duk harsashin da ya cika sai an jefa shi a ciki. In ya faɗa da kansa, aka kifa ya fito da kansa, ya yi. In ya tsaya, ko da kaɗan ne, a wurga shi cikin bokitin ruwa. Matarsa ce mai wannan aikin. A tsakar gida take zama da faifai a cinya kamar mai tsintar shinkafa, kuma babu wanda ya sani a waje, don maza ba za su so jin cewa mace na taɓa kayan farautarsu ba.

Na lura Baba ya ajiye kofinsa.

Iya ta ci gaba. Wata rana ɗansu na fari zai fita farautarsa ta farko da bindigar da uban ya ƙera masa, abokansa na ƙofar gida suna ta kira. Harsashi shida uban ya cika masa, biyar suka shige, na shidan ya tsaya rabi. Ga tuwo a wuta yana neman kamawa, ga ɗa yana gaggawa, ga shi uwar ba ta so ya fita da biyar abokai su yi masa dariya. Sai ta ɗauki muciya ta ƙwanƙwasa shi sau biyu ya shige, ta zunguro shi da tsinke, ta haɗa da 'yan uwansa.

"Wallahi sau biyu ne kawai," in ji Iya. Ba mu take kallo ba, gawayin take kallo. "Kafin la'asar aka shigo da shi, hannu naɗe da rawanin wani. Bindiga ta fashe masa. Yaro ya ce ubansa ne ya cuce shi da aikin ganganci. Uban ya dubi matar, ya dubi bokitin, ya ga babu ko ɗaya a ciki. Sai ya ce, haka ne, laifina ne. Da dare ya ce mata, in ya tsane ni zai rayu, in ya tsane ki ba shi da sauran wurin zuwa. Shekara ashirin da wani abu tana shiru, har aka binne mutumin nan ɗansa bai zo ba."

Nabila ta ja ni tana tambaya me aka ce. Na buɗe baki in fassara, idona ya sauka a kan hannun Baba, ya ɗora shi a gwiwa, yatsu uku. Na ji tsoro ƙwarai, irin tsoron da yaro ke ji in ya ga babba na rawar jiki. Ban fassara komai ba.

"Iya," in ji Baba, muryarsa can ƙasa, "ke ce?"

"Ni ce."

Ya ce innalillahi, ya sake cewa, ya tashi ya sauka. Iya ba ta rufe tatsuniyar da ƙurunƙus ba, ranar kaɗai da ta taɓa barin ta a buɗe. Ta ce mu kwashe kofuna, an kusa kiran isha.

Kwana uku Baba yana gaishe ta a tsaye ya wuce. Ran na huɗu na gan shi durƙushe a gabanta yana yanke mata farce. Shi ya kai ta filin jirgi, kuma ba ta sake dawowa ba, bayan shekara biyu ta rasu.

Na daɗe ina ɗauka darasin shi ne kada a tura abu da ƙarfi inda ya ƙi shiga, har nakan faɗa wa 'ya'yana haka in suna kokawa da zip ɗin jaka. Sai da na yi aure na fara tunanin kakan nan da ban taɓa gani ba, wanda ya ɗauki laifin da ba nasa ba ya tafi da shi kabari. Har yau ban san ko daidai ya yi ba. Wani lokaci in ji ina girmama shi, wani lokaci in ji haushinsa, don shirun nan nasa ya raba shi da ɗansa fiye da yadda harsashin ya yi.

Bara, muna zaune da Baba a saman benen gidana, ya tsufa ya bar tuƙi, na yi ƙarfin hali na tambaye shi ko ya yafe wa Iya. Ya juya hannun nan nasa a kan wuta yana ɗumamawa.

"Ita ai tun a daren na yafe mata," ya ce. "Kwana ukun nan ba fushi nake da ita ba. Neman wanda zan roƙa gafara nake, kuma an riga an binne shi."