Malam Ninki da Garejin Mahaifinsa

Haihuwa da karatu

An haifi marigayin a shekarar 1961, a wani gari da babbar hanya ta ratsa. Mahaifinsa bakanike ne mai gareji, mahaifiyarsa mai ɗinki. Shi aka tura makaranta, ƙanensa kuma aka miƙa masa sifana. Ya kammala digirin lissafi a 1985, ya kama koyarwa a kwaleji.

Aure da aiki

Ya yi aure a 1989. A 2003 hukumar sufuri ta nemi ya ƙiyasta yaɗuwar motoci masu aiki da iskar gas. Da ya ga adadinsu yana ninkuwa kowace shekara, sai ya gina ƙa'idar lissafi a kan ninkin, ya zana layi mai miƙewa sama, wanda ya nuna cewa cikin shekara goma motar fetur za ta zama tarihi. Daga nan ɗalibai suka laƙaba masa Malam Ninki, shi kuwa har ƙafa yake ja don taƙama idan an kira shi haka.

Garejin gado

A 2006, bayan rasuwar mahaifinsu, ya shimfiɗa zanen a kan murfin wata mota, ya matsa wa ƙanensa ya sayar da garejin, ya sayi injinan mayar da mota mai gas. Ƙanen ya ce, "Yaya, ni ban san boko ba. In ka ce haka ne, shi ke nan."

Ba haka ba ne. Masu sayen motocin gas na farko ma'aikatu ne da attajirai, suna gama saye layin ya kwanta. Injinan suka yi tsatsa, garejin da ya ciyar da su duka ya koma shagon sayar da katifu, ƙanen ya koma tuƙa tasin wani. Hukumar ba ta yi asarar ko allura ba, ta ma ba malamin lambar yabo.

Shekarun ƙarshe

A 2014 ya wallafa gyararriyar ƙa'ida, mai layin da ke tashi sannan ya lafa, masana suka yaba. Ya kai wa ƙanensa kwafi har tasha. Ƙanen bai karɓa ba, ya ce, "In ba shiga za ka yi ba, matsa, kana tare mini fasinja."

Rasuwa

Ya rasu a 2021 bayan jinyar hawan jini, aka binne shi a maƙabartar gari. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya uku: babbar ma'aikaciyar jinya, na tsakiya mai gyaran waya, autar tana jami'a. Ya kuma bar ƙane ɗaya, wanda ya kawo masu ta'aziyya a tasin da yake tuƙawa, ya sauke su a ƙofar gida, ya juya.