Damin Badamagare

Shekarar da soja suka canja kuɗi suka rufe kan iyaka, ruwa ya ɗauke mana tun gero bai yi ƙwaya ba. A rumbuna, a ƙauyenmu da ke gabas da Ɗambatta, akwai dami ɗaya da ba nawa ba. Na wani Badamagare ne da ke zuwa cin rani yana haƙa mana rijiya. Irin geron garinsu ne, gajere mai saurin nuna. Ya ba ni ajiya don kada yunwa ta sa a cinye a gidansa, ya ce zai karɓa kafin shuka. Sai hanya ta rufe.

Da yunwa ta kai mana wuya, na kwance damin muka ci. Na rubuta ranar da ajami a bangon littafina.

Bayan shekara biyu aka buɗe iyaka. Na zaɓi damin da ya fi kyau a gonata. Innata ta riƙe min riga. Ita har gobe Damagaram ƙasar mahara ce, don kakarta ta ga ranar da suka ƙone garinsu.

"Masu kawo mana wuta za ka kai wa hatsi?"

"Amana ce, Inna."

Ta Ɓaɓura na tsallaka. Wani jandarma mai gadin iyaka ya zura ƙarfe cikin damin, ya dube ni ya ce, "Malam, wa ya rage can da za ka kai wa?"

Ƙauye uku na ratsa ban ji ƙarar tabarya ba. Rijiyoyi an rufe su da ƙaya, ƙasusuwan shanu zube a bakin hanya.

Na sami Badamagaren a gindin aduwa, ya rame har sai da murya na gane shi. Ya zaro zangarniya ɗaya ya murza.

"Wannan naku ne. Ruwa mai yawa yake so, mu nan ba zai nuna mana ba. Ina nawa?"

"Mun ci."

Ya mayar da zangarniyar cikin damin.

"Yaranka sun rayu?"

"Dukansu, alhamdu lillahi."

Ya kira matarsa ya miƙa mata damin, ya ce a daka. Da aka kawo fura, shi ya fara sha, sannan ya miƙo min ƙwaryar.

"Irin geron namu ya ƙare, babu mai shi a garin nan kuma. Amma kai ka fita haƙƙina, Malam. Allah ne shaida."